Katin Moltres na 1999: ta yaya zan gane na asali ne, kuma ya cancanci a kai shi tantancewa?

Ɗan Koyo ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka jima a harkar tara katunan Pokémon, domin ni sabon shiga ne, kuma abin da ya shigo hannuna ya fi ƙarfin sanina. Yayana ya bar mini tsohon kundin da yake ajiye katunansa tun yana yaro, a cikinsa kuwa na tarar da katin Moltres, tsuntsun nan wanda fukafukansa da tukkunsa duk harshen wuta ne. Hoton yana ƙyalli idan aka karkata shi ga haske, a ƙasa ta hannun dama an rubuta 12/62 tare da ɗan tauraro, sannan a layin ƙarshe akwai shekarar 1999 da sunan Wizards.

Mutum uku na nuna wa katin, kowannensu ya faɗa mini magana daban. Na farko ya ce tunda Moltres yana cikin tsuntsaye ukun nan na almara na Pokémon, wato shi da Articuno da Zapdos, to katinsa ba ya samuwa, kuma na riƙe dukiya a hannuna. Na biyu ya ce ba shi da wata daraja sai idan babu inuwa a gefen hoton, nawa kuwa yana da ita. Na uku ya ce jabu ne, hujjarsa ita ce katin ya ɗan lanƙwashe, ba ya kwanciya sosai idan aka ajiye shi a kan tebur. Ina so in san wace magana ce gaskiya a cikin ukun nan, kuma ko ya dace in aika shi ga kamfanonin da ke tantance kati su ba shi maki. Akwai kuma ɗan tabo kamar na yatsa a kan ƙyallin, ina tunanin goge shi da tsumma mai ɗan danshi, amma na dakata tukuna sai na ji daga gare ku.

Mai Taska ya rubuta:

Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, kafin komai, kada ka bari ruwa ko danshi ya taɓa katin nan, zan dawo kan dalilin a ƙarshe. Abin da ka kwatanta shi ne Moltres na jerin da ake kira Fossil, wanda kamfanin Wizards of the Coast ya fitar da Turanci a watan Oktoba na 1999. Shi ne jeri na uku, bayan na farko da ya fito a watan Janairu na wannan shekarar, da kuma Jungle da ya biyo bayansa. Kati 62 ne a cikinsa, kuma Moltres ya fito sau biyu da zane iri ɗaya: lamba 12 shi ne mai ƙyalli, lamba 27 kuwa marar ƙyalli. Wannan kaɗai ya ba ka gwaji na farko, domin idan ka ga kati mai lamba 27/62 yana ƙyalli, ko mai lamba 12/62 ba ya yi, to akwai abin dubawa. Naka dai lamba da ƙyalli sun dace da juna.

Ka duba sauran rubutun da kyau. A sama ta dama ya kamata ka ga 70 HP, wato yawan dukan da halittar za ta iya jurewa a wasan katin, da jar tawada, lambar ce ke fara zuwa sannan haruffan, tare da alamar wuta. A ƙarƙashin hoton ta dama akwai tambarin jerin, wato ƙasusuwan hannu mai farata. Hare-harensa biyu ne, Wildfire da Dive Bomb, na biyun yana da lamba 80 a gabansa. Gurbin rauni babu komai a cikinsa, gurbin juriya kuma yana ɗauke da alamar dunƙulen hannu da -30. A ƙasa ta hagu akwai sunan mai zanen, Mitsuhiro Arita, wanda shi ne ya zana shahararren Charizard na jerin farko. Duk inda kalmar Pokémon ta fito, sai ka ga ɗan karan nan a kan harafin e, masu buga jabu kuwa sukan manta da shi, ko su yi kuskure a rubutun wata kalmar.

Bayan rubutu sai ita kanta takardar. Katin asali falle biyu ne aka manna, da siririn layi baƙi a tsakaninsu, shi ya sa idan ka haska fitilar waya ta bayansa haske kaɗan ne ke ratsawa, alhali jabu da yawa sukan haskaka kamar takardar littafi. Idan kana da madubin ƙara girma, kalli bakin katin, kana iya hango wannan layin. Za ka ji wasu suna cewa a yaga kati a gani; wannan gwaji ne na katin da aka riga aka fid da rai da shi. Da madubin nan kuma ka kalli baƙin rubutu: a katin asali yakan fito tsaf da kaifin gefe, domin an buga shi daban a kan launukan, a jabu kuwa, wanda yawanci hoton kati aka ɗauka aka sake bugawa, sai ka ga haruffan sun zama ɗigo-ɗigo. Girmansa milimita 63 ne a faɗi da 88 a tsawo. Abin da ya fi duk waɗannan sauƙi shi ne ka ɗauko wani kati na yau da kullum daga kundin yayanka ka jera su, ka kwatanta shuɗin bayansu da rawayar gefensu. Gani ya kori ji.

Yanzu ga mutanenka uku. Mai maganar inuwa ya ɗauko ka'idar wani jeri ya ɗora wa wani. Katunan da ba su da inuwa a gefen hoto na jerin farko ne kawai, a buge-bugensa na farko-farko, kafin a sauya fasalin katin. Kafin Fossil ya fito an riga an yi wannan sauyi, don haka kowane Moltres na wannan jeri da inuwarsa ya zo, kuma da ka ce mini naka babu ita da shi ne zan yi shakka. Abin da ke raba bugun Fossil shi ne hatimin bugun farko, wani ɗan baƙin da'ira mai lamba 1 da kalmar EDITION a samansa, wanda ke ƙarƙashin hoton ta hagu. Ba ka ambace shi ba, don haka ina zaton naka na bugun da ya biyo baya ne, wanda aka buga da yawa ƙwarai.

Mai maganar lanƙwasa shi ma bai yi daidai ba. Katin ƙyalli yana da siririn falle mai sheƙi da aka manna wa takarda, takarda tana shan danshin iska ta kumbura ko ta bushe ta tsuke, fallen kuwa ba ya motsawa tare da ita, sai katin ya tanƙware. Kati mai shekara fiye da 20 da ya ɗan lanƙwashe ba abin mamaki ba ne. Wannan ne kuma dalilin da ya sa na hana ka tsumma mai danshi, domin ruwa yana shiga ta bakin katin ya kumbura takardar, ba kuma za ta koma yadda take ba, gogawa da ƙarfi kuwa tana barin ƙananan ƙarce a kan ƙyallin waɗanda sun fi tabon yatsa muni.

Tsohon Ɗan Wasa ya rubuta:

Malam Mai Taska ya gama da maganar asali da jabu, ni zan taɓa maganar mutumin farko, domin ita ce ta fi yaudarar sababbin shiga. Kasancewar Moltres na almara labari ne na cikin wasan bidiyo. A can ne ake samun guda ɗaya tak, a wasannin farko yana cikin kogon Victory Road, idan ka kashe shi ko ka gudu ba ka kama shi ba to ka rasa shi. A wajen injin buga kati kuwa ba a yi masa wani matsayi na musamman ba. Yana ɗaya daga cikin katunan ƙyalli 15 na Fossil, daidai da halittu na yau da kullum irin Muk ko Hypno, kuma a ƙiyasin da aka saba da shi fakiti ɗaya cikin uku ne ke zuwa da mai ƙyalli. An buga jerin a lokacin da Pokémon ke tashe a duniya, saboda haka katin yana hannun mutane masu ɗimbin yawa. Abin da ya yi ƙaranci shi ne wanda ya tsira ba tare da lahani ba, tunda yara ne suka riƙe su, suka ɗaure su da roba, suka cusa a aljihu.

Duk da haka ina ƙaunar katin nan, kuma dalilina na wasa ne. Dive Bomb yana buƙatar katunan ƙarfi na wuta har huɗu, wato katunan da ake ɗora wa halitta kafin ta iya kai hari, sannan sai an jefa kwabo, idan bai faɗi ta fuskar da ake so ba harin ya tashi a banza, don haka ba kowa ke dogara da shi ba. Wildfire ne abin sha'awa. Da katin wuta ɗaya ake yin sa, kuma yana ba ka damar zubar da katunan wutar da ke jikin Moltres gwargwadon yadda ka so, abokin karawarka kuma ya zubar da adadin haka daga saman tarinsa. Kowane ɗan wasa da kati 60 yake farawa, kuma duk wanda juyinsa ya zo bai sami katin da zai ja ba ya faɗi. Saboda haka akwai waɗanda suka gina dabararsu kacokan a kan haƙuri: su tare hanya da halittu masu jure duka, su bar abokin karawa ya yi ta jan katunansa, sai tarinsa ya yi ƙasa sannan su fito da tsuntsun ya ƙone ragowar. Na sha faɗuwa ta wannan hanya kafin in gane cewa yawan jan katin da nake taƙama da shi ne ke taimakon wanda nake karawa da shi. A gasar yau ba a yarda da shi ba, domin katunan 'yan shekarun baya-bayan nan kaɗai ake bari a babban tsarin gasa, amma masu wasa da tsofaffin ka'idoji suna nan suna amfani da shi.

Ka kuma kiyaye da ruɗani idan ka je neman bayani, domin Moltres ya fito a katuna da yawa. Akwai wanda aka raba a gidajen sinima a 2000 tare da 'yan'uwansa Articuno da Zapdos, mai lamba 21 da baƙin tauraro mai ɗauke da kalmar PROMO. Akwai guda biyu a jerin Gym Heroes, na Blaine da na Rocket. A 2019 an haɗa tsuntsayen uku a kati guda a jerin Hidden Fates, a 2021 kuma Moltres na yankin Galar ya fito a Chilling Reign, wanda ma ba na wuta ba ne, na duhu ne. Ga kuma Ho-Oh, wani tsuntsun wutar daban mai lamba 250 a kundin halittun, alhali Moltres 146 ne. Duk lokacin da ka ga an ambaci wata daraja, tabbatar da cewa 12/62 ake nufi, kuma ka san ko mai hatimi ne ko marar hatimi.

Uwar Kundi ta rubuta:

Ƙanena, ni zan amsa tambayarka ta tantancewa, kuma ra'ayina shi ne kada ka yi gaggawa. Kamfanonin da aka fi sani su ne PSA da Beckett da CGC, dukkansu a Amurka suke da tushe, kuma makinsu daga 1 ne zuwa 10. Abu huɗu suke dubawa: daidaiton hoton a tsakiyar katin, kusurwoyi, bakin katin, da kuma fuskarsa. Kana iya yin wannan dubawa da kanka kafin ka kashe ko sisi. Ka wanke hannu ka busar, ka ɗora katin a kan baƙin ƙyalle mai tsabta, ka juya bayansa. Shuɗin gefen baya shi ne ke tona asirin kati, domin duk inda ya goge sai fari ya bayyana, musamman a kusurwa. Sannan ka juyo fuskarsa ka riƙa karkata shi a hankali a ƙarƙashin fitila guda, za ka ga ƙarcen da ba ya fitowa idan an kalle shi kai tsaye. Katunan ƙyalli na Jungle da Fossil sun shahara da wani lahani, inda bakin rawayar gaba yake ɗan ɓarewa har azurfar ƙarƙashi ta leƙo, wani lokaci ma tun daga masana'anta. A ƙarshe ka kwatanta faɗin rawayar hagu da ta dama, da ta sama da ta ƙasa.

Akwai kuma abin da nake jin tsoro da na ji ka ce kundi ne na yarinta. Kundayen da ke da zobban ƙarfe a tsakiya sukan danne katunan da ke kusa da zoben su bar musu ɗan rami, wanda ba a ganinsa sai an karkata katin. Rami irin wannan, ko alamar ninki komai ƙanƙantarta, yana saukar da maki sosai ko da sauran katin yana sheƙi kamar sabo.

Dalilin da ya sa na ce kada ka yi gaggawa shi ne lissafi. Za ka biya kuɗin tantancewa, da na aikawa zuwa da dawowa, da na inshora, sannan ka jira makonni ko watanni. Daraja kuwa a saman ma'auni ta taru, tazarar da ke tsakanin maki 10 da 9 babba ce, daga 7 zuwa ƙasa kuma sau da yawa abin da katin ya ƙaru da shi ba ya mayar da abin da aka kashe, balle ga katin da ba na bugun farko ba. Idan kana son sanin matsayinsa a kasuwa, kada ka kalli abin da masu sayarwa suka rubuta suna nema, domin kowa yana iya rubuta abin da ya ga dama. Ka nemi jerin waɗanda aka riga aka sayar a shafin saye da sayarwa na eBay, masu lamba ɗaya da yanayi ɗaya da naka. Shafin PSA kuma yana nuna adadin kwafin kowane kati da suka tantance da makin da kowanne ya samu, wannan zai nuna maka yawan waɗanda ke gabanka.

Mai Taska ya sake rubutawa:

Na yarda da lissafin 'yar'uwa idan sayarwa ce manufa, amma ina ganin ba ita kaɗai ce ke sa a kai kati tantancewa ba. Akwatin robar da suke rufe katin a ciki yana kare shi daga hannu da ƙura da lanƙwasa, kuma yana ɗauke da lambar shaida da kowa zai iya dubawa a shafin kamfanin, wadda ke rage gardamar asali da jabu. Ina da katin da na san ba zai wuce maki 6 ba, na aika shi duk da haka domin shi ne na farko da na taɓa cirowa daga fakiti, ban kuma yi nadama ba. Sai dai akwatin ba ya hana hasken rana koɗar da tawada, ja da ruwan lemo kuwa suna cikin launukan da ke saurin koɗewa, su ne kuma jikin wannan tsuntsu baki ɗaya. Ko an tantance ko ba a yi ba, kada a jingine shi kusa da taga.

Ɗan Koyo ya rubuta:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na bi abin da kuka faɗa ɗaya bayan ɗaya. Rubutun duk ya dace, haske bai ratsa katin ba sai kaɗan, shuɗin bayansa kuma iri ɗaya ne da na sauran katunan kundin. Babu hatimin bugun farko. A baya na ga fari a kusurwa biyu, a kan ƙyallin akwai ƙarce uku ko huɗu da ban taɓa lura da su ba sai da na karkata shi, amma ban ga ramin zobe ba, domin yana layin waje na shafin. Na yanke shawarar ba zan aika shi ba a yanzu, kuma ba zan sayar ba. Da nake dubawa na tarar da Zapdos mai lamba 30/62 marar ƙyalli, sai na ji ina son haɗa tsuntsayen uku. Na kuma tarar da wani Moltres ɗin mai zane iri ɗaya amma da rubutun Japananci, bayansa daban ne, kuma babu lamba irin 12/62 a jikinsa, sai No. 146 kawai. Shin wannan shi ne jabun?

Uwar Kundi ta sake rubutawa:

Abin da ka kwatanta ya yi daidai da bugun Japan, wanda shi ne ma ya riga na Turanci, domin a can jerin ya fito tun 1997. Katunan Japan na wancan zamani ba su da lambar jeri, lambar halittar kawai suke ɗauke da ita, kuma bayansu na ɗauke da kalmomin Pocket Monsters. Sunan tsuntsun a can ma daban ne, kalmar Turanci ta wuta ce aka rubuta da haruffansu, sunan Moltres kuwa an ƙirƙire shi ne don ƙasashen waje, inda ƙarshen sunayen uku, uno da dos da tres, ke nufin ɗaya da biyu da uku a harshen Sifaniyanci. Idan ka jera katunan biyu za ka ga ƙyallinsu ya bambanta, na Turanci ƙananan taurari ne, na Japan kuwa ɗigo ne da da'irori manya da ƙanana. A Japan mai ƙyalli kaɗai aka buga, Wizards ne suka ƙara marar ƙyalli. Ka gwada shi da wani katin Japan na zamaninsa, kada ka gwada shi da na Turanci, domin takardarsu da launinsu ba ɗaya ba ne.

Don haɗa ukun, Articuno mai ƙyalli shi ne 2/62, Zapdos kuma 15/62, marasa ƙyallinsu 17 da 30. Kafin ka fara nema, ka fitar da Moltres ɗin biyu daga tsohon kundin, ka sa kowanne a siririyar leda mai laushi wadda aka yi don kati, sannan a cikin gidan roba mai tauri, ka ajiye su a wuri mai duhu marar danshi. Lanƙwasar takan ragu da kanta bayan 'yan makonni a haka. Tabon yatsan kuwa, idan ya dame ka, ka taɓa shi sau ɗaya a hankali da busasshen ƙyallen goge tabarau, idan bai fita ba ka bar shi.